Ciyawar da Ta Ɗaure Ƙafar Nomau

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya kafa mata duwatsu, ya saukar da ruwa ya fitar da tsiro, wani a ci, wani a yi magani, wani kuwa a tsaya a yi kallo kawai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta. Bayan haka, ni ne Nomau ɗan Barau, jikan Iya Ladingo ta Tudun Gawasa, wanda kuka sani da ƙaiƙayin ƙafa. Tun da na dawo kun hana ni sakat da tambaya: ina na je shekara bakwai, me na samo, kuma me ya sa mutumin da a dā ba ya kwana uku a gari ɗaya yanzu ko biki ya je ba ya kwana biyu? To, ga amsa na rubuta. Kowa ya karanta, a bar ni in sha iska.

An sa mini Nomau don lokacin noma aka haife ni, amma tun ina ƙarami ni da fartanya sai hange daga nesa. Abin da na fi tsoro a duniya ba kura ba ce, ba maciji ba ne. A ce mini zauna nan kada ka tashi, shi ne mutuwata. Kakata Iya Ladingo ce ta rene ni, ita kuwa duniyarta duka garkar nan ce ta bayan gida kusa da rijiya: kuɓewa, yakuwa, barkono, albasa, sai na'ana'a da take shukawa a cikin tsohuwar tukunya ta binne tukunyar har wuya.

Wata rana da hantsi tana ban ruwa ina kishingiɗe a inuwa, na ce, "Iya, ke komai naki sai na miya? Garka ba fure ko ɗaya. Kuma dubi wannan, shuka a cikin tukunya kamar za ki dafa ta da ranta."

Ba ta ko ɗago ba ta ce, "Mijin banza, mai baki ba hannu. Na'ana'a 'yar yawo ce irinka. A ƙarƙashin ƙasa take tafiyarta, ka shuka ta nan gobe ta ɓullo cikin albasa. Mai yawo ba gashin kai ake aske masa ba, ƙafa ake ɗaure masa."

Na ce, "Wallahi tsohuwa, sai na shiga duniya na kawo miki shukar da za a zo daga gari-gari a kalla. Ba zan dawo ba sai da ita."

Ta ce, "Allah ya kiyaye hanya. Ungo gudummawar amarya." Ta shiga madafi ta fito da wata baƙar tukunyar ƙasa mai kauri kamar bangon rumbu, a cikin ragaya ta igiyar rama, ta rataya mini a kafaɗa. Na ce ba na so. Ta ce in na ajiye ta a hanya ba ta yafe ba. Haka na fita daga Tudun Gawasa, samari na dariya, tukunya na dukan bayana.

Na yi gabas har gabas ta ƙare, na karkata kudu. Sau uku ina neman sayar da tukunyar nan, sau uku ana ce mini ko kyauta ba a so. A shekara ta biyu na isa wani kogi da ba ya ƙaunar itace, duk jirgin da aka sa masa sai ya haɗiye. Fatake sun yi wata guda a bakinsa suna zagin juna. Ni kuwa na toshe bakin tukunya da rigata, na rungume ta kamar yadda masunta ke rungumar gora, na faɗa ruwa, ta haye da ni. A shekara ta huɗu na ratsa wani kwari mai ƙudan zuma girman kurciya. Na kifa tukunya a kaina na yi ta gudu ina jin su suna ƙwanƙwasa ta kamar masu sallama. Daga ranar na daina zaginta, na sa mata suna Baƙa. Amma duk ƙasar da na je na ga fure, sai in ce a'a, na gaba ya fi.

A farkon shekara ta shida na hango wani abu a sararin ƙasa, na ɗauka tsauni ne kore mai furfura. Da na matso sai na ga birni ne, ganuwarsa ta ɓace cikin ganye, furfurar kuwa gezar wata ciyawa ce fara tas tana walƙiya kamar azurfa, in iska ta kaɗa ta sai ta yi wani ɗan sauti kamar warwaro a hannun budurwa. Wannan shi ne Birnin Marzakan.

Ban taɓa ganin maraba irin ta ƙofar garin ba. Masu gadi suka taso da gudu, wani ya karɓi sandata, wani ya kawo ruwa, mata suka leƙo ta saman rufi suna guɗa. Ni da ko wanka ban yi ba kwana tara! Wani dogon mutum mai ƙaton almakashin zinariya a ɗamararsa ya rungume ni, ya ce shi ne Sarkin Dashe, mai kula da duk shuke-shuken birni, kuma ni baƙonsa ne kwana bakwai, in ci in sha in yi kallo. Da ina da hankali da na tambayi kaina dalili. Amma na ji ƙanshin nama, hankali ya tafi kiwo.

Kallo kam na yi shi. Na ga wani ƙaramin icce mai fure da safe ja, da rana ruwan ɗorawa, da yamma shuɗi. Na ga shinge da ya shiga ta tagar wani gida ya fita ta ƙofa, masu gidan sun koma hawa tsani suna shiga ta rufi. Na ga kasuwa da aka ce sau uku tana ƙaura don furanni sun cinye rumfuna. Babu gonar hatsi ko ɗaya, dawa daga tafiyar kwana goma ake kawo ta, mutanen duk a rame. Kuma kowa, babba da yaro, da almakashi a kugu. Garin nan ba ka jin daka, ba ka jin kiɗa, sai ƙyas, ƙyas, ƙyas daga asuba har faɗuwar rana.

A kwana na biyu ina wucewa ta gindin wani kurmin fure sai na ji an ce da harshenmu, "Kai samari, wannan tukunyar ginin ƙasarmu ce." Na waiga, ga wani tsoho a kan tsani, gemu fari, yana datse rassa. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce sunansa Cindo, bafatake ne, ya zo sayar da kanwa.

Na ce, "Yaushe ka zo, Baba?"

Ya ce, "Bana shekara arba'in da ɗaya. Jakina ma da na ɗaure a can, kurmin ya cinye turken."

Ya sauko ya zaunar da ni, ya ce, "Ɗana, ka ci namansu ko? To ka ci igiya. Ran kwana na bakwai za su ba ka shuka kyauta, su zana maka da'ira a ƙasa kamu biyu, ka dasa a ciki. Daga nan kai ne ubanta. Ba za ka fita garin nan ba sai 'yarka ta yi kwana arba'in ba ta tsallake zanen ba."

Na yi dariya na ce, "Kwana arba'in kawai? Ai sai in riƙa datse ta."

"Haka na ce ni ma. Kana datse sama, tana tafiya ta ƙasa. Kwana uku ta ɓullo a ɗakin maƙwabci. Ka ga kurmin nan daga nan har masallaci? Reshe ɗaya aka ba ni, bai kai yatsana na shida ba."

"A tumɓuke ta mana."

Ya toshe mini baki da hannu, ya duba hagu da dama. "Kada ka ƙara. A Marzakan abin da aka dasa ba a tona shi, ba a tumɓuke shi, ba a sa masa wuta. Wata sarauniyarsu ta dā ce ta kafa haka don son fure, suka riƙe kamar addini. Almakashi kawai aka yarda. Su kansu sun gaji, hannu bai ishe su ba, shi ya sa in sun ga baƙo suke guɗa. A garinmu ana cewa baƙo raɓa ne. Nan baƙo turke ne."

Jama'a, na ji maganar nan kamar an zuba mini ruwan sanyi a ƙeya. Ni Nomau, in tsufa a kan tsani!

Washegari na gwada gudu. Akwai amalanken shanu da ke fitar da datsattsen ganye bayan gari kullum da hantsi, na shige ƙarƙashin ganyen ni da Baƙa. Mun kai bakin ƙofa, har ina jin iskar waje, sai garin fure ya shiga mini hanci. Na danne, na danne, na yi wata atishawa da ta sa shanun suka zabura. Masu gadi suka zaƙulo ni suna cewa, "Yarhamukallahu, baƙonmu, ka yi ɓatan kai ne?" Suka raka ni masauki da girmamawa, mutum huɗu gaba, huɗu baya.

A kwana na biyar na kama wata jijiya mai yaɗo da ta hau ganuwa, na ce in haura. Ban san a garin nan yaɗo yana girma ana kallo ba. Ina hawa tana tsawo, tana lanƙwasa, ba waje ta nufa ba, ciki ta nufa, har ta sauke ni a hankali a tsakar gidan Sarkin Dashe yana cin abincin rana. Ya dube ni, ya dubi tukunya, ya matsar da akushi ya ce, "Bismillah. Ka ga ko shukokinmu ba sa son rabuwa da kai." Na zauna na ci, don ba a fushi da tuwo.

Ran kwana na shida na dafa mana wake a cikin Baƙa ni da Baba Cindo. Muka ci, ya dafa ruwan zafi da wani ganye marar daɗi, ya kurɓa ya yi tsaki ya ce, "Shekara arba'in da ɗaya, fure dubu a garin nan, amma ba na'ana'a ko ƙwaya." Yana faɗin haka ina riƙe da tukunya ina kankare ƙanzo. Na dubi kaurinta. Na ƙwanƙwasa gindinta, ba tsaga, ba huda. Sai na ji muryar tsohuwar nan tar a kunnena kamar tana bayana da guganta.

Na ce, "Baba, in ana dashe, wa ke tsayawa a kan mutum?"

Ya ce, "Ba kowa. Su a wurinsu dashe haihuwa ce. Zana ake kewaye ka da ita, ka shiga kai kaɗai, ka haƙa raminka ka dasa. Duk wanda ya leƙa sai an aske masa gira."

Na ce, "Allah ya ja zamanin wannan al'ada."

Ran bakwai aka taru a fili da kakaki da guɗa. Aka jera mini shuke-shuke a faifai in zaɓa. Baba Cindo yana ta yi mini inkiya da ido in ɗauki wani ɗan tsiro mai sanyin girma. Ni kuwa na tuna rantsuwar da na yi wa Iya, na nuna ciyawar nan mai gezar azurfa. Sunanta Gashin Gimbiya. Filin ya ɓarke da shewa. Baba Cindo ya dafe kai ya ce, "Innalillahi! Yaron nan uwar tafiya ya ɗauka. Kamu guda take yi a yini!" Sarkin Dashe kuwa har da hawayen murna, ya ce tun zamanin kakansa ba a sami baƙo mai ido irina ba.

Aka kewaye da'irata da zana. Na shiga da kayana a kafaɗa, na haƙa rami daidai Baƙa, na zura ta ciki da ragayarta, na cika ta da ƙasar garin, na dasa ciyawa a tsakiya. Igiyar ragayar na naɗe ta a wuyan tukunya, na rufe komai da ƙasa yatsa biyu, na daddaɓe. Na fito ina karkaɗe hannu, aka yi mini barka da haihuwa.

Da yamma Baba Cindo ya ce in kawo tukunya a dafa wake. Na ce, "Baƙa ta shiga wankan jego, sai ta yi arba'in." Ya ƙura mini ido. Can sai ya fara dariya ba sauti, kafaɗunsa na rawa, har ya share hawaye da gemu. Ya ce, "Ɗan nema! Wa ya koya maka?" Na ce wata tsohuwa ce da ba ta san ado ba.

Kwana uku, ciyawa ta yi tsawo har gwiwa, ba ta tsallake ba. Kwana goma, ta kai kugu, tana nan. Abu ɗaya ne aikina: duk bayan kwana biyu takan fitar da geza, in ta kai kwana na uku sai iri ya nuna ya bi iska, inda ya faɗi kuwa nan ya tsira. Don haka nake datse gezar tun tana ɗanya in cusa a aljihu. Ruwa kuma da ludayi nake auna mata, kada ya kwanta a tukunya saiwa ta ruɓe.

Mutane suka fara zuwa kallo. Sarkin Dashe ya daina murmushi. Kullum sai ya zo ya zagaya da'irar yana duban ƙasa kamar mai neman allura. Ya aiko mini da taki kwando uku, wai gudummawar suna. Na yi godiya na zuba wa kurmin gidansa ta bayan katanga. Ran kwana ashirin da shida aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ƙasa ta zaizaye, da gari ya waye sai ga leɓen Baƙa ya fito baƙi ƙirin, ga kuma Sarkin Dashe ya ɓullo daga kan kwana. Na yi wuf na cire riga na shimfiɗa a kai, na kwanta na rungume ciyawar.

Ya ce, "Baƙonmu, lafiya?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, 'yata ce ta kwana cikin ruwa, ina ɗumama ta."

Matan da ke wurin suka ce, "Allah sarki, uba na gari!" Ya juya ya wuce. Yana ba da baya na kwaso duwatsu farare na jera a kan leɓen, na ce ado ne.

Ran talatin da takwas ya zo da dattawa, fuskarsa fal annuri. Ya nuna wani ɗan tsiron Gashin Gimbiya da ya ɓullo taku ɗaya a wajen zanena, ya ce, "Ga jikarka ta fito. Lissafi ya koma farko."

Ni dai na san ba tawa ba ce, don garin cike yake da irinta. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, in tawa ce ai saiwarta na haɗe da uwar. A kawo fartanya a tona a gani."

Dattawa suka ja da baya suna salati kamar na ce a yanka alade. Babbansu ya ce, "Sarkin Dashe, kai ne za ka sa a yi tono a Marzakan?" Ya ce shi bai ce ba. Tsohon ya ce, "To abin da ba a gani ba, ba a ɗora wa baƙo." Sarkin Dashe ya juya ya tafi.

Ran arba'in gari duka ya fito, har masu shiga gida ta rufi. Aka duba zane, ba ko ganye a waje. Babban dattijo ya ce tun da aka kafa birnin ba a taɓa gani ba, a buɗe wa baƙo ƙofa. Na ɗauki sandata. Sai Sarkin Dashe ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Madalla. Amma a ina aka taɓa jin uba ya tafi ya bar 'yarsa marainiya? Ya tafi da ita. Sai dai kun san doka: ba tono, ba tumɓukewa." Ya harɗe hannuwa yana murmushi, dattawa suka gyaɗa kai, suka ce wannan ma magana ce.

Na yi kamar zan yi kuka. Na ce, "Ranka ya daɗe, in ta yarda ta biyo ni da kanta fa, da ɗakinta da shimfiɗarta?"

Ya ce, "In ta biyo ka, ni da kaina zan riƙe maka ƙofa."

Na kawar da fararen duwatsu, na laluba na warware igiyar ragaya, na sa ƙafa biyu na ja da bismillah. Ƙasa ta yi wani ɗan nishi, Baƙa ta fito ɗungurungum, ciyawa na tsaye a kanta tana kaɗa geza, ba saiwa ɗaya da ta tsinke. Na ɗora ta a ka. Wata tsohuwa ta faɗi zaune. Wani ya ce sihiri ne, wani ya ce tukunya ce dai, irin wadda ke madafin kowa, sai suka fara kallon juna. Babban dattijo ya zagaya ni sau biyu, ya leƙa ramin, ya ce, "Bai tona ba. Bai tumɓuke ba. Sarkin Dashe, ƙofa tana jiranka."

Ya riƙe mini ita kuwa, yana kallon sama. Na ce masa a gaida gida, a kuma duba bayan katanga, na ga kurmin can ya yi ƙiba kwanan nan.

Baba Cindo ya rako ni har bakin ganuwa. Na ce ya zo mu gudu. Ya ce, "Ina? Tawa ta yi jikoki da tattaɓa kunne, ba tukunyar da za ta ɗauke su. Amma daga yau zan koma zama kusa da ƙofa. Duk baƙon da ya shigo zan tambaye shi ko yana da abin dafa wake." Ya ce in na isa in gaida tsohuwar, in ce wani bafatake ya ce da ya san ta da wuri da ya kai goro.

Shekara guda da wata biyar na yi a hanyar dawowa da ciyawa a ka. Duk kwana biyu in datse geza in ƙona. Sau da yawa na yi niyyar jefa ta a rami in huta, sai in tuna fuskar da Iya za ta yi in ta gani. Na shigo Tudun Gawasa ranar Laraba da la'asar, kun gani da idonku, yara na bina, gezar na walƙiya tana kiɗanta. Na sauke a gaban Iya Ladingo na ce, "Amarya, ga alkawari. Naki ne, halak malak."

Ta dube ni tun daga ƙafa har kai, ta ce, "Ka rame." Sannan ta ƙwanƙwasa tukunyar ta ce, "Ita kam ba ta rame ba." Sai ta dubi ciyawar. "Ana miya da ita?"

"Ba a yi."

"Awaki na ci?"

"Ba sa ci. Kallo ake yi, Iya."

Na zauna na ba ta labari duka, ban rage komai ba, har da saiwa mai kamu guda a yini, da gezar da ba a bari ta kwana uku. Kuskurena ke nan. Ta saurara tana ɓare gyaɗa, da na kai wurin gezar sai na ga hannunta ya tsaya. Ta ce, "Duk kwana biyu, ka ce?" Na ce e. Ta ce, "Allah sarki." Ta sa aka ɗora tukunyar a kan tsohon dutsen niƙa a tsakiyar garka, inda saiwa ba za ta taɓa ƙasa ba.

Na yi wata guda ana zuwa kallo daga ƙauyuka, ina ta baza labari. Sai ƙafa ta fara ƙaiƙayi. Na ji ana zancen wata ƙasa a yamma inda ake haƙo gishiri mai launin jini. Na haɗa kayana, na tafasa ruwa a buta, na nufi garka in ƙona ciyawar in tafi da kwanciyar hankali. Na tarar da Iya zaune a gindinta.

Ta ce, "Ina za ka da ruwan zafi?"

Na ce, "Zan kashe ta ne, Iya. An gama kallo."

"Ka kashe wa? Kyautar da mijina ya yi shekara bakwai yana nemo mini? Ba ka ce halak malak ba, a gaban mutane? Taɓa ta ka gani."

"To ki riƙa datse gezar, ga almakashi."

Ta miƙo hannuwa suna karkarwa, karkarwar da ban taɓa gani ba sai ran nan. "Da wane hannun? Da wane idon? Ni yanzu ko kai ma da murya nake gane ka. Ka tafi abinka, Allah ya tsare. In iri ya tashi ya cinye gonakin Tudun Gawasa, ai an san wanda ya ɗauko ta a ka ya ratsa kasuwa da ita."

Na nemi wanda zai karɓi aikin, kowa ya ce wanda ya ɗebo da zafi bakinsa. Na kwance kaya.

Yau wata goma sha ɗaya ke nan. Ina zuwa kasuwa in dawo, ina zuwa biki in kwana ɗaya in juyo da sassarfa. Tun da ina garkar kullum, sai aka ce in ɗan ja guga, daga guga aka koma cirar ciyawa cikin albasa, yanzu har kunya biyu na kuɓewa ake kira nawa. Na yi dabara na daina ba Gashin Gimbiya ruwa ko za ta bushe da kanta, amma kullum sai ƙara sheƙi take.

Shekaranjiya da sassafe na zagaya bayan gida, na tarar da makauniyar nan mai karkarwar hannu ta hau kan dutsen niƙa da ƙafa ɗaya, tana auna wa ciyawar ruwa da ludayi, ko ɗigo bai zuba a ƙasa ba. A bakin zanenta kuwa ga allura da ta zura wa zare da kanta.

Na ce, "Iya!"

Ba ta ko firgita ba. Ta sauko a hankali, ta miƙo mini almakashi ta ce, "Maigida, ka tashi? Ga 'yarka can ta fitar da geza."